Mangalar Taki da Kututturen Sabara: Yawan Jama'a da Ƙasar Noma a Tarihin Kano da Maraɗi

A shekarar 1934 wani farfesan ilmin gandun daji daga Jami'ar Edinbara, E. P. Stebbing, ya ratsa arewacin Nijeriya da kudancin ƙasar da ake kira Nijar a yau. Da rani ya zo. Duk wanda ya san ƙasar Hausa ya san kamanninta a wannan lokaci: an yi girbi, an kwashe kara, dabbobi sun tattake kunya, iska na kwasar rairayi tana zubawa a gindin shinge. Baƙon ya dubi wannan, ya koma Landan, a 1935 ya gabatar da takarda gaban ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Ingila, inda ya ce Sahara na tahowa kudu, kuma mutanen ƙasar ne ke share mata hanya da gatari da wuta da garkunan dabbobi. Maganin da ya kawo shi ne a kafa dogon shingen itatuwa a tare ta. Hukumomin Ingila da na Faransa suka tsorata, suka naɗa kwamitin haɗin gwiwa wanda ya bi kan iyaka tsakanin ƙarshen 1936 da farkon 1937. Kwamitin ya dawo da rahoton cewa bai ga hamada na tafiya ba, ko da yake ya ga wuraren da sassabe ya gajiyar da ƙasa. Rahoton ya shige ma'ajiyar takardu. Maganar Stebbing kuwa ta rayu, har yau ita ce ke bakin ɗan makaranta da na ɗan siyasa: mun yi yawa, mun cinye daji, hamada ta biyo mu.

Maganar ta girmi Stebbing. Tun 1798 Thomas Malthus ya rubuta cewa jama'a na ninkuwa da saurin da abinci ba ya iya cimma, don haka yunwa da annoba ke mayar da lissafi daidai. A 1965 Ester Boserup, masaniyar tattalin arziki 'yar ƙasar Denmak, ta juya zancen. A ganinta matsin jama'a ne ke tilasta wa manomi ya daina sassabe yana ƙaura, ya zauna ya gyara gonar da yake da ita. Ba sai mun je nesa ba wajen auna waɗannan ra'ayoyi biyu, domin ƙasar Hausa ta gwada su a aikace, a karkarar Kano tsawon ƙarnuka, da kuma a jihohin Maraɗi da Damagaram cikin shekaru arba'in ɗin nan. Abin da wuraren biyu suka nuna shi ne, adadin mutane shi kaɗai bai taɓa yanke wa ƙasa hukunci ba. Abin da ke yanke hukuncin shi ne ko manomi na da tabbacin cewa itacen da ya bari a gonarsa nasa ne, da ko yana da abin da zai mayar wa ƙasa a madadin abin da ya ɗauka.

Lokacin da Heinrich Barth, Bajamushen da Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a watan Fabrairu na 1851, ya ƙiyasta mazaunan birnin da kimanin 30,000, adadin da ke ninkuwa idan fatake suka sauka. Kasuwar Kurmi da marina sun burge shi, amma karkarar da ya ratso ta fi tsaya masa a rai: gonaki a jere, ƙauyuka kusa da juna, manyan itatuwa tsaye a tsakiyar shuka. Ya lissafa ta cikin mafi albarkar ƙasashen da ya gani. Wato tun kafin Turawa su kafa tuta, ƙasar da ke kewaye da ganuwa ta riga ta cika, kuma a wurare da dama an daina barin gona ta huta.

Bisa lissafin Malthus, irin wannan ƙasa ya kamata ta mutu cikin 'yan shekaru. Jigawa ce mai rairayi, ruwan samanta na watanni huɗu ne zuwa biyar, ana noma ta kowace damina. Amma fiye da shekara ɗari bayan Barth, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello sannan a Jami'ar Bayero, ya auna yankin ya tarar da mutum fiye da miliyan 2 suna ci daga gare shi, kusan babu saura, kuma gonakin na ba da hatsi. Yadda aka yi hakan ya cancanci a tsaya a kansa, don kuwa aiki ne na hikima wanda babu wani ofishi da ya tsara shi.

Manomin karkarar Kano bai raba noma da kiwo ba. A gona ɗaya yake shuka gero da dawa, ya sa wake da gyaɗa a tsakani. Wake da gyaɗa suna ƙara wa ƙasa sinadarin da hatsi ke zuƙa, amma amfaninsu mafi girma shi ne harawa. Da kaka sai a ɗaure ta a ɗora bisa rufin soro ko a cokalin itace, da ita ake ciyar da awaki da tumaki. Da damina kuwa, da yake babu makiyaya, a turke dabbobin ke kwana su wuni, yara na yanko musu ciyawar da aka nome. Duk abin da suka kasayar, haɗe da toka da sharar tsakar gida, ana tara shi a juji, kafin ruwa ya sauka a kwashe zuwa gona a ajiye tsibi-tsibi. Ba a ƙona kara: na dawa ya tafi danga da zana da murhu, tokarsa ta komo gona. A shekarun 1990 Frances Harris ta bi diddigin gonaki a ƙauyen Tumbau tana auna abin da ke shiga da abin da ke fita, ta ga wannan zagaye ne ke riƙe da ƙasar. Har ƙurar hunturu, wadda muke ƙorafi da ita, ta shiga lissafin, domin tana sauke wa gonaki wasu sinadarai kowace shekara.

Sai kuma jaki. Da sassafe ayarin jakuna ke shiga ƙofofin birni ɗauke da itacen girki da kara da hatsi, da yamma su fito da mangaloli cike da sharar birni, toka da kashin dabbobi da juji. Birni na cin karkara, karkara na cin sharar birni. Gonar da ke iya tafiyar jaki ta wuni guda daga ganuwa ta fi kowace samun taki, saboda haka ta fi tsada, kuma nan ne jama'a suka fi cunkushewa.

Itatuwan da Barth ya gani ma ba ragowar daji ba ne. Zaɓaɓɓu ne, kowanne da mai shi da kuma dalilin barinsa: ɗorawa don kalwa da daddawa, kuka don miya, tsamiya don kunu, rimi don audugarsa, kanya da ɗinya don 'ya'ya, gawo don gona da dabba. Ana gadon itace, ana jinginar da shi, wani lokaci ma mai gona daban, mai itace daban. Ba a kayar da mai rai don girki, sai dai a sassare rassa ya sake tohowa. A shekarun 1980 wasu masana, da Mortimore a cikinsu, suka binciki itacen girkin da Kano ke ci, suna kwatanta hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a shekaru daban-daban. Suka tarar yawan itatuwan gona kusa da birni bai ragu ba duk da farin da aka sha, kuma sun fi yawa a inda mutane suka fi yawa. Inda ake kayar da itace ba tausayi shi ne dajin nesa, wanda ba na kowa ba.

Kada dai a ɗauka aljanna ake bayyanawa. Cikar karkarar Kano a ƙarni na 19 ba daga haihuwa kaɗai ta zo ba. Akwai masu neman tsaron ganuwa da kasuwa, akwai kuma bayin da aka kamo aka zuba a gandayen sarakuna da rinjin attajirai, kuma gumin waɗannan na cikin takin da ake yabo. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, haraji ya koma na tsaba, manoma da yawa suka rage hatsi. Da ruwa ya ɗauke a 1913, yunwar da ta biyo baya ta kashe dubban mutane. Michael Watts ya yi hujja da cewa harajin Turawa da kasuwar gyaɗa sun raunana rumbun tsimi da taimakon juna da ke tare irin wannan masifa a da. Polly Hill kuma, wadda ta zauna a Ɗorayi a farkon shekarun 1970, ta ga gonaki masu kyan gani da matsanancin talauci a wuri guda: magidanta da ba su da abin da ya kai rabin kadada, wasu ma ba su da komai. Ƙasa ta tsira, amma ba kowa ta ƙosar ba. Abin da ke cike giɓin shi ne sana'a da fatauci da ci-rani, wato kuɗin da ake nemowa daga wajen gona.

Idan Kano ta nuna yadda cunkoso ke zama tare da itace, tarihin kudancin Nijar ya nuna yadda doka ke raba su, da yadda suke komawa idan dokar ta saki. A Damagaram har yanzu ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarki Tanimun ya ɗora a kan mai saran gawo a ƙarni na 19. Ba banza aka fifita wannan itace ba. Halinsa saɓanin na sauran ne: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen kuma ya zama taki a daidai lokacin da shuka ke bukata. Da rani ya yi kore shar, dabbobi su taru a gindinsa suna cin 'ya'yansa suna barin kashi. Kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili zangarniya.

A 1935, shekarar da Stebbing ya yi jawabinsa, Faransa ta kafa dokar gandun daji a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunta. Dokar ta jera itatuwan da aka haramta taɓawa, ta danƙa kula da su ga jami'an gwamnati. Nijar mai 'yanci ta sabunta ta a 1974 ba tare da sauya ruhinta ba. Niyyar kare itace ce, amma ga abin da ta haifar: gawon da ya tsiro a gonarka ba naka ba ne, idan ka sare reshensa jami'in daji zai ci ka tara, idan wani ya sare da dare kai za a tuhuma. Mai hankali sai ya tumɓuke shi tun yana ƙarami, kafin ya zame masa shari'a. A gefe guda malaman gona na koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas, don garmar shanu da gyaɗa. Jama'a na ƙaruwa, ana faɗaɗa noma zuwa arewa cikin shekarun ruwa na 1950 da farkon 1960. Sai fari ya sauka daga 1968, ya yi tsanani a 1973, ya dawo a 1984, shekarar da mutanen Nijar ke kira yunwar Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya. Gonaki suka zama fili fetal. Iska kan binne shuka da rairayi, manomi ya yi shuka sau biyu ko uku kafin ta kama.

An yi ƙoƙarin gyara ta hanyar da Stebbing zai yi na'am da ita. Aka kafa wuraren rainon itatuwa, aka dasa dalbejiya da turare, aka kewaye gandaye da waya. A kwarin Majiya, inda aka fara jera shingen kare iska a 1975, an ci nasara. A mafi yawan wurare kuwa dashen ya mutu, wanda rani ya bari awaki suka cinye. A watan Mayu na 1984 gwamnatin Seyni Kountché ta kira babban taron yaƙi da hamada a Maraɗi, alamar cewa hukuma ma ta ga hanyar da ake bi ba ta ɓullewa.

A daidai wannan lokaci Tony Rinaudo, wani ɗan Ostareliya da ke aikin gona da mishan a Maraɗi, ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƙananan tsirran da ke warwatse a gonaki, waɗanda ake sassabewa kowace bazara, ba ciyawa ba ne. Tohon kututturen itatuwan da aka sare ne, sabara da kalgo da geza da sauransu, saiwoyinsu na raye a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata wuƙa ce kawai: a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a kare su daga dabba. Saiwa ta riga ta yi zurfi, don haka cikin shekara uku ko huɗu sai ga itace. A yunwar 1984 aka haɗa wannan da rabon abinci a ƙauyuka kusan 100. Da rabon ya ƙare mutane da yawa suka sare nasu, amma waɗanda suka bari suka ga iska ta daina binne musu shuka, ga itacen girki a kusa, ga na sayarwa. Maƙwabta suka kwaikwaya. Manoma suka raɗa wa abin suna sassaben zamani.

Labarin yakan tsaya a kan Bature ɗaya, kuma a ganina hakan rage wa manoma haƙƙi ne. A Magarya da Matamaye da Mirya, inda gawo ya dawo a kan fili mai faɗin gaske, babu wani shiri da ya raba abinci. Mutane ne suka koma ga abin da kakanninsu suka sani. Dabarar datse toho ba sabuwa ba ce a ƙasar Hausa. Sabon abu shi ne sakin da hukuma ta yi. Daga ƙarshen shekarun 1980 baitulmali ya bushe, siyasa ta rikice, jami'an daji suka rage shiga ƙauye. Dokar karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004 suka sassauta riƙon gwamnati. Manomi ya fara ɗaukar itacen gonarsa a matsayin nasa tun kafin takarda ta faɗi haka. Ruwan sama ma ya ɗan farfaɗo daga shekarun 1990, kuma ya taimaka, amma da ruwa ne kaɗai da dajin da ba a nomawa ya fi gonaki cika, alhali a gonaki itatuwan suka fi dawowa.

Lokacin da Chris Reij da Gray Tappan da masanin Nijar Mahamane Larwanou suka kwatanta hotunan sama na 1975 da na bayan shekarar 2000, sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kadada kimanin miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. A ajiye wannan kusa da ƙidayar jama'a: miliyan 5.1 a 1977, miliyan 7.2 a 1988, miliyan 11 a 2001, miliyan 17.1 a 2012. Mutane sun ninka fiye da sau uku, itatuwan gona sun ƙaru tare da su, kuma sun fi ƙaruwa a sassan da suka fi cunkoso. Haka Mortimore da Mary Tiffen da Francis Gichuki suka gani a Machakos ta Kenya, inda jama'a suka ninka sau biyar tsakanin 1930 da 1990, zaizayar ƙasa kuma ta ragu.

Mai son kammala zance da daɗi zai tsaya a nan ya ce Boserup ta kayar da Malthus. Tarihin bai ba da wannan dama ba. Itace na ƙaruwa a kadada, amma kadada ba ta haihuwa. Gonar da uba ya noma shi kaɗai, 'ya'ya shida ke rabawa, jikoki kuma su raba rabon. A 2005, ana tsakiyar wannan korewar, Maraɗi ce cibiyar matsalar abincin da ta cika asibitoci da yara masu tamowa. An ga ƙauyukan da ke da itace sun fi jurewa, domin sun sayar da itacen girki da ganye sun sayi hatsi, amma jurewa daban, ƙoshi daban. Marthe Diarra da Marie Monimart sun nuna cewa a kudancin Maraɗi, da ƙasa ta yi ƙaranci, mata ne aka fara karɓe wa gayauna. Makiyayi ma ya biya nasa kason. Kowace saurar da ta zama gona ta dindindin, kowane burtalin da aka matse, ragi ne daga abincin saniyarsa, kuma reshen gawon da a da yake sassaro wa garkensa yanzu yana da mai shi. Abin da ya faru a Toda a watan Oktoba na 1991, inda aka kashe Fulani fiye da 100, akasarinsu mata da yara, yana cikin wannan tarihi kamar yadda itatuwa miliyan 200 ke ciki.

A Kano kuwa ba hamada ce ta ci gonakin da Barth ya yaba ba, bulo da siminti ne. Birnin da ke da mutum kimanin 130,000 a ƙidayar 1952 ya kai kusan miliyan 3 a ta 2006. Ɗorayin da Polly Hill ta auna gonakinta unguwa ce yanzu. Ƙasar da aka shafe ƙarnuka ana zuba wa taki, wadda ta fi kowace daraja a wajen manomi, ita ce aka fara yankawa filoti, domin ita ce mafi kusa, kuma dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sauƙaƙa wa gwamnati karɓarta. Sharar birni da a da toka ce da kashin awaki yanzu gauraye take da leda da roba, sai an tsince kafin a zuba. Jaki ya ba mota wuri, mota kuma na iya zuwa inda jaki ba ya kaiwa, don haka itace da gawayin da birnin ke ci daga dazuzzukan kudu ake lodo su, daga wuraren da babu manomin da zai tsaya ya ce wannan nawa ne.

A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, daga Senegal zuwa Jibuti, wanda a siffarsa ta farko shingen Stebbing ne aka sake wa riga. An dasa da yawa, da yawa sun mutu, daga baya masu shirin suka karkata zuwa ga abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka riga suka yi da wuƙa da lauje. A watan Yuli na 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka da ta tabbatar a rubuce cewa itacen da manomi ya raina a gonarsa nasa ne, shekara 85 bayan dokar Faransa ta ƙwace shi. A lokacin jama'ar ƙasar sun haura miliyan 24, kuma kusan rabinsu ba su cika shekara 15 ba.